Tana a bedin iri: ita ke cinye irin ko ita ke raya tsiron?

Abinda ya sa na zauna nake rubuta wannan dogon bayanin wata ƴar gardama ce da muka yi da kawuna a lambunsa na bakin fadama, lokacin an gama girbi an fara shirin noman rani. Ya yafa irin albasa a bedi ɗaya, na tumatir a ɗaya, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa, yana ban ruwa safe da yamma ba fashi. Da aka kwana goma aka ɗaga ciyawar sai ga tsiron ya fito a tsitstsinke, nan cunkus can fili, kamar kan yaron da makero ya kama. A tsakanin tsiron kuma ga ƴan tulin ƙasa murɗaɗɗu kamar an matse taliya, wato kashin tana. Kawu ya sa yatsa ya tona, sai ga ta tana mutsu-mutsu, ya ɗago ta yace, "Kaga ɓarauniyar, ita ta cinye min iri." Nan take ya ƙwala wa yaro kira a kawo gishiri. Nace, "Kawu dan Allah a ɗan dakata tukuna." Ya kalle ni sheƙeƙe yace, "Kai ɗan nan, yanzu har tana ma sai ka tsaya mata lauya?"

Toh gaskiyar magana Kawu bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma bai yi daidai gaba ɗaya ba, kuma a nan ne abun yake da daɗin bincike. Tana dai (ku yi haƙuri da rubutun, Hausa ce ta haɗa mu da "tana tana cin ƙasa") halinta da ƙwayar iri daban, halinta da tsiron da ya riga ya kafa saiwa daban. Mutane suna haɗe biyun su yanke hukunci ɗaya, wani yace ai tana alheri ce zalla, wani yace ɓarna ce zalla, alhali abinda ke raba gardamar shine girman irin, da zurfin da ya faɗa, da kuma wace irin tana ce a wajen.

Bara mu fara da ita kanta halittar. Ba ta da haƙori, ba ta da ido amma tana jin haske a jikinta, kuma da fatarta take numfashi, shi yasa dole jikinta ya zauna da danshi, shi yasa kuma in ka zuba mata gishiri take narkewa, gishirin ne ke zuƙe ruwan jikinta. Abinda ta haɗiya yana wucewa ta wani ƙundu irin na kaza, da ƴan tsakuwa da yashi a ciki suna niƙa. Ku riƙe maganar ƙundun nan, za mu dawo kanta.

Sannan ba duka tana ce iri ɗaya ba. Wani masani ɗan Faransa, Marcel Bouché, tun a shekarun 1970 ya kasa su gida uku bisa inda suke zama da yadda suke ci. Akwai masu zama a sama-sama cikin juji da taki da ruɓaɓɓen ganye, jajaye masu zafin nama, su ba ruwansu da haƙa mai zurfi. Akwai masu zama cikin ƙasar kanta, jikinsu fari-fari, suna haƙa a kwance suna cin ƙasa suna kasayar da ita a bayansu. Sai kuma manyan, masu haƙa rami a tsaye kamar rijiya, mita ɗaya har biyu, su zauna a rami ɗaya na dindindin, da dare su zuro kai waje wutsiya na cikin ramin, su laluba kewaye su ja ganye da duk abinda suka samu zuwa ciki. Shahararriyarsu ita ce ta Turai da ake kira Lumbricus terrestris, kuma mafi yawan binciken da aka yi kan tana da ƙwayar iri a kanta aka yi, dan haka in kun ji ina ta kawo Jamus da Amurka kada ku ce na bar gida, can ne aka fi bin diddigin abun.

Wanda ya fara ɗaukar maganar da muhimmanci shine Charles Darwin na Ingila, littafinsa na ƙarshe ma akan tana ya rubuta shi, ya fito 1881, shekara guda kafin rasuwarsa. Mutumin nan haƙurinsa ya isa. A 1842 aka barbaza ɓarɓashin alli a wani fili kusa da gidansa, aka bar filin ba a nome ba, sai bayan shekara 29 ya sa aka haƙa, aka tarar allin ya nutse kamar inci 7 a ƙasa. Ba wanda ya binne shi, tana ce kullum take ɗebo ƙasa daga ƙasa tana kasayarwa a sama har ta rufe shi. In ka raba, wajen rabin santimita kenan da ɗan wani abu duk shekara. Kuma shi da kansa ya lura cewa iri da yawa ba don kashin tana ya rufe su ba da ba su tsiro ba, wasu kuma rufin ya yi musu yawa sai su kwanta barci a ƙasa har ranar da wani abu ya tono su.

Wannan binnewar ita ce abu na farko, kuma ita ce ta fi kowanne tasiri. Kowace ƙwayar iri da guzurinta take zuwa, abincin da zai riƙe ta daga ranar da ta sha ruwa ta kumbura zuwa ranar da ganyenta ya ga rana ya fara nema wa kansa abinci. Ƙwayar masara ko wake ko gyaɗa guzurinta da kauri, ko ka zurfafa ta santimita biyar za ta huda ta fito. Amma ɗauki irin alayyafo, wanda in ya zube a tabarma sai ka sa ido sosai kafin ka gan shi, ko na latas, ko karas, su guzurinsu na tafiyar santimita ɗaya ne ko ƙasa da haka, shi yasa manoma ke cewa kar ka binne iri fiye da ninki biyu ko uku na girmansa. Toh kaga idan tana ta ja irin alayyafo ta gangara da shi santimita goma, abu biyu ne, ko dai ya tsira a can cikin duhu ya yi ta miƙewa guzuri ya ƙare ya mutu ba wanda ya san ya taɓa tsirowa, ko kuma ya ƙi tsirowa sam ya kwanta, tunda ƙananan iri da yawa musamman na ciyawa sai sun ji haske ko canjin zafi da sanyi na saman ƙasa kafin su motsa. Irin waɗannan masu barcin su ne in ka yi huɗa bayan shekara biyu uku sai kaga ciyawar da ka manta da ita ta dawo kamar an yafa.

Wani gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa 2006 ya nuna wannan ƙarara, an zuba iri manya da ƙanana a saman ƙasa aka saki babbar tanar nan, cikin ƴan kwanaki ta kwashe su zuwa ƙasa ba ta ware babba da ƙarami ba, amma da aka zo ƙirga tsiro sai aka ga ƙananan ne suka kwana ciki, manyan kam ko a jikinsu.

Wani lokacin ma babban iri gata take masa. A jihar Ohayo ta Amurka akwai wata muguwar ciyawa mai tsayi da ke addabar gonakin masara da waken suya, sunanta na kimiyya Ambrosia trifida, irinta babba ne, kuma in ya faɗi a saman ƙasa ɓeraye da tsuntsaye ke cinye mafi yawa, dan haka a lissafi bai kamata ta yi yawa ba amma kullum ƙaruwa take. Wata malama a jami'ar jihar, Emilie Regnier, ita da abokan aikinta suka bi sawu, sakamakon da suka fitar a 2008 shine tana ce ke tattara irin da dare tana ja cikin raminta, wani ta ajiye shi sama-sama wani ta kai shi har wajen santimita 20, ta ɓoye shi daga bakin ɓera kenan, kuma mafi yawan tsiron ciyawar da suka ƙirga a gona daga bakin ramin tana yake fitowa. Wato manomin yana can yana feshin magani, ita kuma tana nan tana masa shukar ciyawa cikin dare, fisabilillahi.

Abu na biyu shine haɗiyewa. Nan Kawu yake da gaskiya, tana tana haɗiyar iri, amma bakinta ƙarami ne, galibi irin da bai kai milimita biyu ba shi take iya haɗiya, in ya haura uku sai dai ta ja shi ko ta bar shi. Kaga dawa da masara da wake da kabewa sun fita daga lissafi, tumatir da albasa suna bakin iyaka sai babbar tana, alayyafo da irin ciyayi kuwa lomar hasafi ne. In ya shiga ƙundun nan da na ce ku riƙe, ƙaddararsa uku ce. Mai laushin ɓawo ya niƙe ya zama abincinta. Wani ya fito lafiya lau kamar ba abinda ya faru, sai dai an canza masa wajen zama. Wani kuma mai taurin ɓawo ƙundun ya ɗan kankare shi, ruwa ya samu hanyar shiga, sai ya riga ƴan uwansa tsirowa. Wannan na ƙarshen ba baƙon abu bane a wajenmu, duk wanda ya san gawo ya san ƴaƴansa sun fi saurin fitowa in akuya ko saniya ta ci kwanson ta kasayar, masu rainon bishiyoyi ma jiƙa irin kuka da bagaruwa suke a ruwan zafi ko su ɗan fasa bakin ɓawon, dabarar ɗaya ce. Sai dai kar a ɗauka kankarewar ce ta fi yawa. A filayen kiwo na ƙasar Kolombiya an tara kashin wata babbar tana aka gwada irin da ke ciki, aka ga wanda ya bi ta cikinta ya yi asarar ƙarfin tsirowa sosai in an gwada da wanda ke cikin ƙasar gefe. Ga mai kiwo da ke son ciyawa wannan asara ce, ga mai gona da ke yaƙi da ciyawa kuwa riba ce, ya danganta da ɓangaren da kake tsaye.

Har tsiron ma tana taɓawa. Wannan ni kaina sai da na yi jim da na fara jinsa, saboda an saba ce mana tana matacce kawai take ci. Amma a 2010 Nico Eisenhauer da abokansa a Jamus sun nuna babbar tanar Turai tana cin irin da ya fara fashewa da jaririn tsiro, kuma ta fi son dangin wake saboda sun fi naitirojin, sinadarin nan da ke cikin takin yuriya. A kula dai, waccan mai jan abu cikin rami ce, kuma tsiron da ke kwance a saman ƙasa bai kafa ba shi take samu. Wanda saiwarsa ta riƙe ƙasa ya miƙe tsaye ya fi ƙarfin bakin da ba haƙori.

Toh daga nan ne labarin ke juyawa, daga ranar da saiwa ta kama.

Jaririyar saiwa abu ne mai rauni, siririya kamar zare, kuma aikinta na farko shine ta riga bushewar ƙasa gudu, saman ƙasa yana bushewa daga sama zuwa ƙasa ita kuma tana bin danshi tana nutsawa, in bushewar ta cim mata shikenan. A ƙasa mai tauri wannan tseren ba ta cinye shi. Amma in ta dace da ramin tana, ta samu titi shararre, ba turjiya, ga iska, ga bangon ramin an shafe shi da yauƙin jikin tana da kashinta wanda abinci ne. In ka taɓa fasa ɓurɓushin ƙasar fadama ka ga saiwa ta bi wani ɗan rami zar kamar an zura zare a allura, aikinta ne. Ramukan nan kuma su ne ke shanye ruwa. Kowa ya san abinda ke faruwa in an yi ruwa mai ƙarfi bayan shuka rana ta biyo baya, saman ƙasa ya yi ɓawo kamar an dafe shi, tsiro ya zo ya tokare ya lanƙwashe a ƙasa, ruwa na gaba kuma ya zo ya gangare ya wuce. Inda tana ta huhhuda wajen ruwan shiga yake maimakon ya kwanta, kuma ɓawon bai cika yin ƙarfi ba.

Sai kashin nata. Ƙasar da ta bi ta cikin tana ta fi ta gefenta naitirojin da fosfaras irin wanda saiwa ke iya sha nan take, ba wai tana ce ke ƙirƙirar su ba, a'a, suna ɗaure ne cikin ruɓaɓɓen ganye da taki, ita da ƙwayoyin halittar cikinta suke kwance su. Akwai ma abinda ya wuce abinci, wasu masana a Barazil a 2002 sun tace wani sinadari daga takin da tana ta sarrafa suka ba jariran masara, saiwar ta ƙara tsayi ta kuma yi rassa da yawa, kamar yadda sinadarin girma na cikin tsiro ke sa ta yi. Shi yasa tsiron da ya dace da tulin kashin tana sau da yawa za ka ga ya fi maƙwabtansa duhun ganye. Amma ɗanyen kashin da ta yi yanzu-yanzu yana da amoniya da ɗan yawa, yana iya jinkirta tsirowar irin da ke cikinsa, in kuma ya bushe a rana ya kan ƙandare kamar tsakuwa, ƙaramin irin da ya maƙale a tsakiya sai ruwan sama ya jiƙa shi ya wargaje kafin ya samu fita.

In ana son alƙaluma, a 2014 wasu masana ƙarƙashin Jan Willem van Groenigen na jami'ar Wageningen a Holan sun tattara gwaje-gwaje masu yawa daga ƙasashe daban-daban, suka ce a tsakaice samuwar tana a ƙasa na ƙara amfanin gona da kashi 25 cikin ɗari. Abinda ya fi jan hankalina a ciki ba lambar bace, sharaɗin ne, ƙarin ya fi yawa inda ake barin karmami da ragowar amfani a gona, ya kuma kusa ɓacewa inda aka zuba takin zamani mai naitirojin da yawa, ko inda amfanin dangin wake ne mai samar wa kansa. Wato talakan manomi da buhun yuriya ya fi ƙarfin aljihunsa shi tana ta fi yi wa aiki, in dai ya bar mata abinda za ta ci. Wani lissafin da ya fito 2023 daga jami'ar jihar Kolorado ya ƙiyasta cewa wajen kashi 6.5 na hatsin duniya albarkacin tana ne, a Afirka kudu da Sahara kuma ya kai wajen kashi 10.

Kar kuma a ce daga nan duk inda ta shiga alheri ne. Arewacin Amurka ta Arewa, wajen Minesota da Kanada, ƙanƙara ta taɓa rufe yankin ta share tanar da ke wurin sama da shekara dubu goma da suka wuce, dazuzzukan suka girma ba tana, ganye ya yi ta zuba yana taruwa ya zama wata katifa mai laushi a ƙasan daji, kuma a cikin katifar nan irin bishiyoyi da ƙananan furanni suka saba tsirowa. Da Turawa suka zo suka taho da tanarsu cikin ƙasar tukwanen shuka da ƙasar da ake dannawa jirgin ruwa nauyi, daga baya masu kamun kifi suka riƙa zubar da ragowar tanar ƙugiya a bakin tafki. Cikin ƴan shekaru tana ke cinye katifar tas, ƙasa ta zauna tsirara, irin bishiya ya faɗi a fili ya bushe ko a cinye shi, jariran wata bishiya da mutanen can ke tatsar ruwan zaƙi a jikinta suka ragu matuƙa. Masu binciken jami'ar Minesota sun daɗe suna bin wannan, har ana roƙon masunta kar su zubar da tana a daji. Halitta ɗaya, aiki ɗaya, a gonar Turai gyara a dajin Minesota ɓarna. A kusa da Manaus a Barazil kuma an samu wata tana da ta mamaye dajin da aka sare aka mayar makiyaya, ita kaɗai ba kishiya, kashinta ya taru ya haɗe ya zama wani dandaɓe a saman ƙasa wanda iska da ruwa ba sa ratsawa. A Lamto ta Kodebuwa an lura da yadda abun ke daidaita kansa in jinsin ya cakuɗu, manya suna yin dunƙulallen kashi mai danne ƙasa, ƙanana suna bi suna farfasa shi.

Mu dawo gida. A jigawar Arewa da kudancin Nijar, inda ake gero da dawa, ƙasar yashi ce kuma wata bakwai takwas a bushe, tana ba ta da yawa, wadda ke nan ma da rani nutsawa take can ƙasa ta nannaɗe kanta ta jira damina. Mai yin binne kafin ruwan fari ba shi da matsala da ita ko kaɗan, tana can tana barci. A can gara ce ke wannan aikin na huda ƙasa, shi yasa ramukan shuka na tassa da ake yi wajen Tawa ta Nijar, waɗanda a Burkina Faso ake kira zai, ake zuba musu taki, takin ya jawo gara, gara ta haƙa hanyoyin da ruwa zai bi. Inda za ka haɗu da tana sosai a wajenmu shine fadama, lambu, gindin juji, bakin rariyar wanka, sai kuma in ka gangara kudu inda ruwa ya wadata, can akwai masu gina kashinsu a tsaye kamar ƴan hasumiyoyi, masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sun yi aiki da yawa a kansu. Kuma tanar da duniya ke kiwo dan yin taki a ƙasashe masu zafi, Eudrilus eugeniae, asalinta ƴar Afirka ta Yamma ce, tamu ce, Indiya da Filifin suna cin moriyarta mu muna zuba mata gishiri.

Tunda na taɓo takin tana, ga wani abu da masu rainon dashe a leda ya kamata su sani. Gwaje-gwajen da aka yi a jami'ar jihar Ohayo akan tumatir da makamantansa sun nuna cewa ɗan kaɗan ya fi aiki, kamar kashi ɗaya cikin biyar na cakuɗin ƙasar ko kusa da haka, amma in ka cika leda da shi zalla tsiron ya kan tsumbure saboda gishirin da ke cikinsa ya yi yawa. Haka ita kanta tanar mai rai, a fili alheri ce amma a cikin ƴar leda ko gwangwani ba ta da wajen zuwa, sai ta yi ta zagaye tana motsa ƙasar gindin jaririn tsiro, kashinta ya toshe hudar da ruwa ke fita.

To me ya cinye irin Kawu? Na roƙe shi ya bar gishirin, dalili na farko ma ba tausayin tana bane, gishirin da zai kashe ta shi zai hana sauran irin shan ruwa ya kuma zauna a ƙasar. Bayan isha'i muka koma da tocila. A bedin tumatir muka tarar da tsiro uku huɗu a kwance an datse su daidai gindi kamar da reza, na tona gefen ɗaya da tsinke sai ga wata tsutsa mai launin toka, ƙatuwa, ina taɓa ta ta naɗe kamar zobe. Ita ce mai yankan, da rana tana ɓuya da dare ta fito, tana kam ba ta da abinda za ta yi irin wannan yankan da shi. A wani lungun kuma tsiron ya zube ba a yanke shi ba, gindin ya sirance ya yi ruwa-ruwa kamar an tsoma a tafasasshen ruwa, wannan ruɓar gindi ce da ke zuwa in ruwa ya yi yawa, iri ya yi cunkoso, ciyawar rufi ta daɗe ba iska. Danshin da ya jawo tana shi ya jawo cutar, shi yasa kullum ake kama ta a wajen da aka yi ɓarna. Da safe kuma na tsaya na ga yadda yaron ke ban ruwa, da bokiti yake kwarawa daga tsaye, ruwan ya kwashi irin da ba a rufe ba ya tara a gefen da ya fi gangara, cunkoson da muka gani kenan. Ga kuma kajin maƙwabta da suka gane akwai tana a wajen, su in suna tono ba ruwansu da albasar kowa.

Amma ban wanke ta tas ba, gaskiya ɗaya ce. A bedin albasa na ɓare wasu tulin kashin na samu baƙaƙen ƙwayoyin iri a ƙarƙashi, wasu sun yi farin tsiro sun lanƙwashe sun kasa ɗaga tulin. Wannan kam nata ne. Kuma dalilin a fili yake, Kawu ya zuba ɗanyen taki a saman bedin ana gobe zai yafa iri, ya yafa irin a kai bai rufe ba, ya ɗora ciyawa, wato ya shimfiɗa mata tabarma ya ajiye abinci ya gauraya da irinsa a kwano ɗaya.

Da aka sake yafawa sai muka canza abu kaɗan. Takin da ya riga ya ruɓe aka sa, aka cakuɗa shi da ƙasar sati biyu kafin shuka, aka ja layuka marasa zurfi da tsinke aka zuba irin a ciki, aka rufe da rairayi da aka tankaɗe sama-sama yadda ba ƙwayar da ke kwance a fili, ban ruwa ya koma da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, ciyawar rufi kuma aka ɗage ta da zarar kan tsiro ya fara leƙowa. Tsutsar mai yanka da hannu muka riƙa tsince ta da dare. Wani maƙwabcin lambu ya ba da shawarar a barbaɗa maganin ƙwari na Furadan, nace a'a, wannan yana cikin magungunan da suka fi kashe tana, ga shi guba ne ga kaji da tsuntsaye da mai barbaɗawar kansa.

Kawu dai har yau bai yarda cewa na kayar da shi ba, cewa yake ai dama ya faɗa tana cin iri kuma na tabbatar masa da bakina. In ya ga tana a bedin albasa yanzu, tsince ta yake da yatsu biyu yana yamutsa fuska, ya taka ya jefa ta cikin komin tumatirin da aka riga aka dasa.